Magaji ko Ɗan Kallo? Tsokaci a kan Yadda Ake Shigar da Yara Ayyukan Adana Al'adu

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan da wuya a yi taro a kan raya al'adu ko adana kayan tarihi har a watse ba a ambaci yara da matasa ba. Hukumomin al'adu na jihohi suna ambatonsu, gidajen tarihi suna ambatonsu, haka nan ƙungiyoyin sa kai masu neman gudummawa daga ƙetare. Maganar kuwa ba daga sama ta faɗo ba. Tun cikin 1994 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe wani shiri na jawo matasa ga kula da wuraren tarihi, sa'an nan yarjejeniyarta ta 2003, wadda ta shafi al'adun da ake gada ta baki da ta aikin hannu, ta sanya miƙa al'ada ga na baya cikin ma'anar adana ta. A ƙarƙashin wannan yarjejeniya ce aka shigar da bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, aka kuma shigar da hawan sallar Kano a 2024.

Kyawun niyyar masu waɗannan shirye-shirye ba abin jayayya ba ne. Abin da wannan maƙala take so ta duba shi ne gurbin da ake ajiye yaro a duk lokacin da aka ce an shigar da shi. A ganina, yawancin abin da muke yi yana ɗaukar yaro tamkar sabuwar ƙwarya wadda manya za su zuba wa al'ada, alhali kuwa akwai wani babban sashe na adabi da al'adun Hausawa wanda yara ne masu shi. Su suke ƙaga shi, su suke koya wa juna, su suke yi masa kwaskwarima shekara-shekara, babba kuwa iyakarsa ya tsaya a bakin ƙofa ya ba da tukuici. Shirin da bai fara daga wannan sashe ba ya tsallake abin da ke hannun yaro ke nan, ya tafi neman abin da zai ɗora masa a ka.

Yaron da ya ba da labari

Kafin mu shiga abin da ake yi a yau, ya kamata mu tuna cewa yaro yana cikin waɗanda aka fara rubuta adabin bakan Hausa da boko daga bakinsu. Dorugu ɗan ƙasar Damagaram ne, an kama shi bauta yana ƙarami aka kai shi Barno, inda Bature Adolf Overweg ya 'yanta shi. Bayan mutuwar Overweg a 1852 sai ya koma wajen Heinrich Barth, ya bi shi har Tumbutu, daga bisani suka tafi Ingila tare a 1855. A can ne J. F. Schön ya zaunar da shi yana rubuta abin da ke fita daga bakinsa, watau labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da tatsuniyoyin da ya riƙe a ka. A lokacin shekarunsa ba su kai 20 ba. Wannan magana tasa ita ce ginshiƙin littafin Magana Hausa na 1885, amma sunan da ke bangon littafin na Schön ne. Fassarar da Kirk-Greene da Paul Newman suka buga a 1971 ta taimaka wajen mayar masa da matsayinsa na mai labari, bayan fiye da shekara 100 da ba da shi.

Littafin tatsuniyoyi na Frank Edgar, wanda ya fito juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913, ya bi wata hanya dabam. Yawancin abin da ke cikinsa malamai ne suka rubuta da ajami kafin a juya shi zuwa boko. Watau abin da tsofaffin mata suke yi wa jikoki da dare, yara suna amshi, suna katsalandan, suna gyara wa mai ba da labari idan ta yi tsallake, ya biyo ta alƙalamin magidanta, ya iso gare mu babu muryar yaro a cikinsa. Da marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littattafai 6, a farkon shekarun 1970, sai akalar ta juya, aka mayar wa yara kayansu a cikin aji. Alherin waɗannan littattafai ba ya musantuwa, da yawa daga cikinmu a nan muka fara ganin Gizo da Ƙoƙi a kan takarda. Sai dai akwai wata illa da ta biyo baya, wadda ba laifin marubucin ba ce: da zarar tatsuniya ta shiga littafin makaranta, sai malami ya ɗauki abin da aka buga shi ne daidai, yaron da ya zo da yadda kakarsa take faɗa kuwa a ce ya yi kure. Ga shi kuwa a wurin manazarci wannan saɓanin shi ne abin nema.

Ranar al'adu da ziyarar gidan tarihi

Hanyar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce abin da makarantu, musamman masu zaman kansu, suke kira ranar al'adu. Tun da maimaita ta ake yi kusan iri ɗaya daga gari zuwa gari, za mu iya nazarinta kamar yadda muke nazarin wasan kwaikwayo. Ana naɗa wa wani yaro rawani a yafa masa alkyabba, a ba wasu jajayen riguna su zama dogarai, a ɗora wa 'yan mata ƙorai a ce masu tallan nono ne, a jera tuwo da dambu da fura a kan tebur, shugaban makaranta ya yi jawabi da Turanci a kan muhimmancin harshen uwa, a ɗauki hotuna a tashi. Iyaye ne suka sayi tufafin, malamai ne suka tsara jerin, yaro kuwa aikinsa ya tsaya inda aka tsayar da shi, kada ya motsa rawani ya warware.

Abin lura a nan shi ne irin hoton ƙasar Hausa da wannan wasa yake bayarwa. An taƙaita al'ada ga sutura da abinci, an kuma taƙaita jama'a ga fada. Kowane yaro so yake a yi shi sarki, domin ya lura nan ne hankalin manya yake. Da wuya ka ga wanda aka yi maƙeri ko marini ko baduku ko majemi, ko da kuwa a cikin ajin akwai jikokin masu waɗannan sana'o'i, waɗanda za su iya kawo zuga-zugi ko uwar maƙera daga gida su faɗi sunan kowane abu da aikinsa. Yaron da ya tashi a gidan rini ya san yadda ake haɗa baba da toka, ya san warin karofi, amma ranar al'adu sai a ara masa alkyabba.

Ziyarar gidan tarihi ta fi wannan amfani, amma ita ma yadda muke gudanar da ita yana bukatar dubawa. A ɗauki Gidan Makama na Kano, ginin da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Malami yakan kawo yara a jere, a bi da su ɗaki-ɗaki, a karanto musu sunayen sarakuna tun daga Bagauda, su kwafa cikin littafi, su hau mota su koma. Ma'aikatan gidan sun yi nasu, gibin yana ga abin da malami ya shirya kafin zuwa da bayan dawowa. Yawancin waɗannan yara kullum suna wucewa ta gefen abin da ya rage na badala, wadda littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta a ƙarni na 12, suna kuma kwana a unguwannin da sunayensu kaɗai darasi ne: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Sharifai, Alfindiki. Da za a ce wa ɗan Alfindiki ya je ya tambayi dattawan unguwarsu dalilin wannan suna, zai dawo da labari biyu ko uku masu karo da juna, daga nan malami ya nuna masa kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake, su zauna su auna wanne ya fi ƙarfi. A rana ɗaya yaron ya yi hira, ya rubuta, ya gwada ruwaya da ruwaya, abin da muke shan wahalar koya wa ɗaliban digiri na biyu.

Tashe

Idan muna neman misalin aikin al'ada wanda yara suka riƙe daga tushe har reshe, ba sai mun yi nisa ba. Daga goma ga watan azumi, bayan an sha ruwa, yara maza da mata sukan fita ƙungiya-ƙungiya suna bin gidaje suna wasannin tashe. Manya ma suna da nasu, kamar tashen gwauro da Nalako yake jagoranta a Kano, amma mafi yawan wasannin na yara ne. Muhammadu Balarabe Umar ya tattara da dama daga cikinsu a littafinsa Wasannin Tashe a farkon shekarun 1980, manazarta wasan kwaikwayo kuma sun daɗe suna kafa hujja da su. Abin da ba mu cika tsayawa a kansa ba shi ne tsarin aikin kansa.

Babu babban da yake raba matsayi. Yara ne suke zaɓen wanda zai ja waƙa da masu amshi, da wanda zai riƙe abin da aka samu. Su suke haɗa kayan wasa da abin da ke kusa: auduga ta zama gemu, karan dawa ya zama doki, gwangwani ya zama ganga, tsumma ya zama rawani, baƙin tukunya ya zama kwalliya. Ƙanana suna bin manyansu shekara biyu ko uku suna amshi kafin a yarda su ja, wanda kuwa ya girma ya fara jin kunya sai ya janye da kansa ya bar wa na baya. Bayan an gama a zauna a raba hatsi ko kuɗi, a yi gardama, a sasanta. Duk abin da yarjejeniyoyin duniya suke kira miƙa al'ada ga na baya yana nan, ba tare da kwamiti ko kasafin kuɗi ba.

Haka kuma abin da ke cikin wasannin ya wuce raha. A Jatau Mai Magani yaro yakan ɗauki kwandon saiwoyi da sassaƙe yana jero sunayen itatuwa da cututtukan da suke warkarwa, watau ƙaramin ƙamus na tsirrai ke nan a bakin ɗan shekara 10. A Mairama da Daudu 'yan mata suna kwaikwayon zaman aure da abin da ake tsammani daga amarya. A Tsoho da Gemu ana nuna tsufa da rauninsa, ana dariya ana kuma tausayi. Akwai kuma wasan da ake shirya yaro da allo da ƙaton carbi ya fito a malami, 'yan amshi suna tuhumarsa da yin rawa, shi kuwa yana musu yana taka ta. Wannan shi ne mafi ban sha'awa a wurina, domin a cikin wata mafi alfarma al'umma ta yarda yaro ya yi wa mafi girman mutanenta ba'a, ta kuma biya shi a kan haka. Sa'an nan tun da yara ƙanana ba a hana su shiga cikin gida, manyan 'yan kallon tashe su ne matan aure, su ne kuma alƙalansa. Wasan da ya yi armashi a ƙara masa mudu, wanda ya yi lami a sallame shi tun daga zaure.

To, me ke faruwa idan shirin adana al'adu ya ɗauki tashe? Sau da yawa akan kawo shi dandamalin makaranta da hantsi, a watan da ba na azumi ba, malami ya rubuta baitocin a allo a haddace, a kawo lasifika, a zaunar da alƙalai masu ba da maki. Dare ya tafi, ƙofar gida ta tafi, cinikin tukuici ya tafi. Sabon baitin da yara za su saƙa a kan tsadar abinci ko a kan wani ɗan siyasa ba shi da wuri, tun da ba ya cikin abin da aka haddace. Wasan malam kuwa yakan zama na farkon da ake cirewa, kuma ba sai an faɗi dalili ba, tun da mai tace wasannin shi ma malam ne.

Ba za a rufe ido ga matsalar da ke akwai ba. Cikin shekarun 2020, fiye da sau ɗaya rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta ba da sanarwar hana tashe, bisa dalilin cewa 'yan daba suna fakewa da shi suna ƙwacen waya da sara-suka. Duk wanda ya san birnin ya san ba ƙage ba ne. Amma abin mamaki shi ne shirun da masu raya al'adu suka yi. Hukumomin da suke kashe kuɗi su koya wa yara al'ada a zauren taro ba su ga cewa aikinsu ne su zauna da masu unguwanni da limamai da iyaye a nemi yadda ƙananan yara za su yi tashe a cikin lungunansu, a kan idon dattawa, a tashi da wuri ba. Idan aka jera 'yan shekaru ba a yi ba, sarƙar nan ta mai ja da mai amshi za ta tsinke, domin yaron da ya kamata ya koya yana shekara 8 zai kai 13 bai taɓa fita ba, littafi kuwa baitoci kawai zai iya mayar masa.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren, watau hukuma ta rungumi abin har ta shaƙe shi. A ƙauyukan ƙasar Hausa samari suna da tsarinsu na gargajiya a ƙarƙashin Sarkin Samari, su suke shirya gayya da kalankuwa bayan kaka, inda suke naɗa nasu sarki da alƙali suna kwaikwayon masu mulki. A Jamhuriyar Nijar, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnati ta ɗauki wannan tsari na samariya ta mai da shi ƙungiyar ƙasa, aka gina gidajen samariya, aka yi ta gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. An sami fasihai da dama ta wannan hanya. Amma da yake ƙarfin abin ya koma hannun gwamnati, da mulkin soja ya kau a farkon shekarun 1990 sai ƙungiyar ta yi sanyi tare da shi.

Yaro mai tattarawa

Saura hanya ɗaya da ba mu gwada sosai ba, ita ce a ba yaro aikin manazarci. A nan dole mu leƙa waje, domin misali mafi girma da aka sani a wata ƙasa ya faru. A ƙasar Ailan, maƙwabciyar Ingila, hukumar tattara adabin gargajiya ta haɗa kai da ma'aikatar ilmi daga 1937 zuwa 1939, aka sa 'yan firamare fiye da 50,000 daga makarantu kimanin 5,000 su tambayi iyayensu da kakanninsu da maƙwabta tatsuniyoyi da karin magana da magungunan gargajiya da sunayen gonaki da rijiyoyi da wasannin yara. Abin da suka rubuta ya haura shafi 500,000, yana nan a ajiye, an kuma sa shi a intanet. Aikin bai rasa aibi ba, domin malamai sun tace, sun kuma fi ba masu kyan rubutu damar kwafewa cikin babban littafi. Amma a shafuka masu yawa an rubuta sunan yaron da ya tattaro, da sunan wanda ya faɗa masa, da shekarunsa, da ƙauyensu. Jikoki suna iya neman rubutun kakanninsu su samu. Abin da Dorugu bai samu a bangon littafi ba ke nan.

Mu ma muna da wani abu mai kama da wannan, sai dai a sama muka fara shi. Tun shekarun 1970 sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu suke tura ɗalibai garuruwansu su rubuto kundin digiri a kan sana'a ko mawaƙi ko bikin gargajiya. Kundayen suna da yawan gaske, wasunsu kuwa su ne kaɗai shaidar abubuwan da suka riga suka ɓace. Amma kaɗan ne daga ciki suka taɓa komawa garin da aka ɗebo su, balle a karanta wa 'yan firamaren garin. Da kowane ɗalibi zai ajiye kwafi ɗaya a makarantar garinsu, ya kuma ɗauki yara biyar ko shida su riƙa raka shi wurin hira, da an sami abin da ranar al'adu ta shekara 20 ba ta bayar ba.

Wata tambayar da shirye-shiryen nan suke kauce wa ita ce, waɗanne yara? Kusan dukansu ta ƙofar makarantar boko suke shiga, sau da yawa ma ta masu kuɗi. Almajiri ba ya ciki, 'yar talla ba ta ciki. Ga shi kuwa binciken da Enid Schildkrout ta yi a Kano cikin shekarun 1970 ya nuna yadda yara suke zama mahaɗa tsakanin matan da ke cikin gida da kasuwa, su ne masu kai saƙo da kawo labari. Yarinyar da take yawo da farantin talla ta san kowane lungu da sunansa, ta san gidan da ake saƙa da gidan da ake kitso, tana da kirarin hajarta da ta gada ko ta ƙaga. Almajiri kuwa yana ɗauke da waƙoƙin bara da kalmomin tsangaya, da karin harshen garin da ya fito, ya kuma iya ajami, wanda ɗan makarantar kuɗi zai tsaya yana kallo a bayan gilashi a gidan tarihi bai iya karantawa ba. Ba ina ƙawata talla ko bara ba ne, halin da waɗannan yara suke ciki magana ce mai zaman kanta. Amma shirin da ya ce yana neman al'adar gari a hannun yara, sa'an nan ya tsallake su, ya bar mafi yawan abin da ya fito nema.

Wayar hannu ta sauƙaƙa ɗaukar murya da hoto, ta kuma zo da nata nauyi. Muryar yaro da fuskarsa amana ce, musamman 'yan mata, saboda haka tilas a nemi yardar iyaye ko malamin tsangaya kafin a ɗauka, a kuma bambanta abin da za a ajiye domin nazari da abin da za a watsa. Ga tashe, abin da ya fi dacewa shi ne a bar yara su yi abinsu a lokacinsa da wurinsa, a ba wani daga cikin waɗanda suka girme shi, ɗan shekara 14 ko 15, aikin bin su yana rubuta sunan wasa, da unguwa, da daren wata, da wanda ya ja, da duk baitin da bai ji bara ba. Littafin kuma a ajiye shi wurin mai unguwa, jami'a ta zo ta nemi kwafi.